Ta'aziyyar Mai Gyaran Agogo

Ban taɓa zama a aji ba. Karatuna bai wuce abin da nake sallah da shi ba, sai kuma karatun fuskar mutane, wanda shi ba ya buƙatar allo. A Kona aka haife ni, a Kona na yi aure, kuma kafin shekarar da zan ba da labarinta, iyakar tafiyata Maraɗi ce, ita ma ciwon ido ya kai ni.

Ɗiyata ta fari, wadda bakina ba ya kama sunanta, tana aure a Faransa, a wani gari da ake ce wa Liyon. Mijinta ɗan Mayahi ne, karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi. Da ta sami ciki bayan dogon hutu, suka aiko in je in yi mata wankan jego, tunda a can babu mai dafa mata ruwan ganye, balle kunun kanwa. Na ƙulle gero da kanwa da yaji da dabino, aka sa ni a jirgi a Yamai.

Mutanen Kona sun ɗauka jariri zan je gani. Jariri kam na gan shi, Allah ya raya. Amma abin da ya sa na yarda na hau sama kamar tsuntsuwa, ƴarsu ta fari ce, wadda aka sa wa sunana. A can aka haife ta, ta zama budurwa a can. Idan aka ba ta waya sai ta ce, "Ina kwana, Kaka," in amsa, in tambaye ta lekol, wato makarantar boko, ta ce "lahiya lau," shi ke nan ta miƙa wa uwarta. Kullum haka. Na ce wa raina, yarinyar nan sunana ne a kanta. In na mutu, ita za a riƙa kira a tuna da ni, ga shi ba ta da bakin da za ta tambayi ko ni wace ce.

Ranar da na sauka, tana tsaye ƙiƙam ta manna mini baki a kumatu, dama da hagu. Ba durƙuso, ba sannu da hanya. Na dubi uwarta, uwarta ta dubi ƙasa.

Ban daɗe ba na gane yarinyar tana jin Hausa sarai. In na ce a miƙo ludayi, ludayi take miƙowa. Amsa ce ba ta yi sai da Faransanci. Uwarta ta ce wai wata baƙuwa ce ta taɓa yi mata dariya tana ƙarama, saboda ta ce wa mace "shi," tun daga ranar ta kulle bakinta. Ta kuma gaya mini uban yarinyar ya ce in tana so ta zo gida hutun damina, ta ce ba ta da abin yi a can. Na dai ƙudura ba zan ɗaure kayana ba sai na ji bakin takwarata.

Kullum tana riƙe da wani littafi mai baƙin bango. Da shi take ci, da shi take zama, har magewayi ina jin da shi take shiga. Wata rana da hantsi, na gama gasa mai jego ta kwanta, na tarar da yarinyar a kan kujera ta naɗe ƙafa. Na zare littafin daga hannunta, na sa a ƙarƙashina, na zauna a kai.

Ta yi wata magana da Faransanci, idonta waje.

Na ce, "Kunnena bai je lekol ba. Mi ke ciki?"

Ta miƙo hannu tana son littafinta.

"Ba ki karɓa sai kin hwaɗa mini da bakin uwarki. Ni ba ni da sauri, zama na iya."

Ta daɗe tana murza yatsu. Can ta ce, "Wani mutum... ya mutu."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ina?"

"Nan. Garin nan. Cikin babban coci."

"Ciwo ya yi?"

"A'a. An kashe shi."

To, a nan ne dole in tsaya in yi bayani, don kada a ce tsohuwa ba ta da wayo. A wurinmu tatsuniya tana da ƙofa. Sai rana ta faɗi ake yin ta, kuma sai mai yi ya ce "ga ta nan, ga ta nanku," an amsa masa, kowa ya san ƙarya ce za ta shigo. Tun muna yara aka ce mana mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a hanya. Yarinyar nan da hantsi ta faɗa mini, ba ta buɗe da komai ba, ta kira sunan gari, ta nuna mini da hannu ta taga inda cocin yake. Ga shi kuma a rubuce. Ni rubutun da na sani, ko na addini ne ko na gwamnati. Ban taɓa jin an zauna an ɓata tawada a kan abin da bai faru ba.

Da guntuwar Hausarta, tana yi tana tuntuɓe, ta ba ni farkon labarin. Mutumin mai gyaran agogo ne. A cocin akwai wani tsohon agogo da ya girmi kakannin kakanninmu, shi ke kula da shi. Aka wayi gari aka same shi kwance a gindinsa, makullin agogon ya ɓace. Ya bar mata, ɗiyar masaƙa, da wani ƙane da ba su jituwa, da wani maƙwabci mai sayar da tsofaffin kaya. Wata ƴar sanda mace ce ke bin sawu.

Na ce, "Ƙanen ya zauna zaman makoki?"

Ta ce bai zauna ba.

Na ce, "Shi ne."

Ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce ita ma ba ta kai ƙarshe ba tukuna.

Na tambaye ta ko uwarta ta je gaisuwa, ta ce a'a. Abin ya tsaya mini a rai. Gari ɗaya, a kashe mutum, a bar matarsa ita kaɗai? Amma ban tayar da maganar ga ɗiyata ba, don ba a kai wa mai jego labarin kisa, nono ƙafewa yake yi. Suruki kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce daga bayan ƙofa. Saboda haka maganar ta tsaya tsakanina da takwarata.

Washegari ita da kanta ta same ni ina dama kunu. Ta ce, "Kaka, kina so ki ga wurin?"

Na lura da yadda ta ƙagu. Daga baya na gane ta daɗe tana son zagaya wuraren da ke cikin littafin, ubanta ya hana ta ƙetare kogi ita kaɗai, uwarta kuma daga ciki sai jego. Ni ta samu ta zama ƴar rakiya. Ban damu ba. Na ce, "Sharaɗi ɗaya. Daga ƙofar gidan nan har mu dawo, ban ji Faransanci ba." Muka ce wa mai jego za mu miƙe ƙafa.

Cocin muka fara zuwa. Gini ne na dutse, tsayinsa sai ka riƙe ɗankwali kafin ka ga ƙarshensa. Na tsaya a bakin ƙofa na tuɓe takalmi. Yarinyar ta ce ba a tuɓewa. Na ce, "Ɗakin ibadar mutane ne. Su in sun ga dama su taka, ni ban takawa." Na riƙe su a hannu, sanyin daɓen yana hawa mini har gwiwa. Ciki duhu-duhu, tagogin duk gilashi ne mai launi kamar tasar amarya.

Ga agogon can a gefe, ya fi rumbun gero tsayi, da zakara na ƙarfe a kansa da ƴan mutum-mutumi. Ta ce ba lokaci kaɗai yake nunawa ba, har tsayuwar wata da tafiyar rana. Wannan ya burge ni, na ce ashe su ma sun san da wata. Na duƙa na duba ƙasa ko zan ga alamar jini, ban ga komai ba. Na ce an wanke. Abin da ya ɓata mini rai, wasu mutane ne su ma riƙe da irin littafin nan mai baƙin bango, suna tsayawa daidai inda gawa ta kwanta suna washe baki ana ɗaukar su hoto. Na harare su ɗaya bayan ɗaya har wata ta sauke hannunta. Na ɗaga hannu na ce Allah ya tona asirin wanda ya yi. Takwarata ta ce amin, tana cizon leɓe.

Wata ranar da babu lekol muka hau tudu, a cikin wani ɗan jirgin ƙasa da igiya ke ja. A can akwai wani kango na mutanen da, matakalan dutse a zagaye kamar cikin ƙwarya, da fili a ƙasa. Ta ce dandali ne, nan ake wasa tun kafin zuwan Annabi, kuma nan ƴar sandan ta ritsa ƙanen mamacin ta yi masa tambayoyi. Ta ce an gina shi yadda in mutum ya yi magana a ƙasa, na can sama zai ji.

Na ce, "To mu gwada. Sauka."

Na zauna a sama na tattare zanena. Ta sauka ta tsaya a tsakiyar filin, ƴar mitsitsiya. Na ɗaga murya na ce ta ba ni abin da ta karanta jiya. Da farko raɗa take yi, tana waige-waige. Na ce ban ji ba. Na ji sarai, amma na ce ban ji ba. Ta ƙara murya. Sai ga Hausa tana hawowa kan duwatsun nan tiryan-tiryan, karyayya, mace ta zama "shi," namiji ya zama "ita," amma Hausa ce. Ban yi dariya ba, ban gyara mata ba. Da ta rasa kalma sai ta kwatanta da hannu, in jefa mata daga sama, ta cafe ta ci gaba. Turawa suna wucewa suna kallonmu. Ta manta da su.

Da ta hawo tana haki na ce, "Wannan ƙanen ƙarya yake yi. Wanda ya amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba, ya kwana da amsar."

Ta ce, "Kaka, da ke ce ƴar sandan, da an gama tun shafi na farko."

"Da an gama."

Saura gidan matar. Ranar da za mu je na yi wanka, na ɗauko mayafina na zuwa unguwa, na ƙulle dabino a ƙyalle. Tana gani ta ce na mene ne. Na ce, "Gaisuwa za mu. Ana zuwa da hannu biyu?" Na ga fuskarta ta sauya. Na ɗauka kunyar gaisuwar mutuwa ce irin ta yara, na ce, "Wuce mu tahi."

Unguwar tsohuwa ce, hanyoyinta ƙunci kamar lungunan Tasawa. Ta tura wata ƙofa da na ɗauka ta gidan mutane ce, sai ga dogon soro mai duhu. Ta ce masaƙan da ne ke bi ta irin waɗannan da ƙunshin tufafi don kada ruwan sama ya taɓa, ka shiga ta wannan titi ka ɓulla ta wancan. Sau biyu muna ɓacewa, mu fito inda muka shiga. A na uku muka ɓulla wani tsakar gida, da rijiya an rufe bakinta, da matakala mai murɗewa a cikin wata hasumiya mai launin jar kanwa. A gindin matakalar ga koriyar ƙofa, yadda littafin ya faɗa.

Na tafa hannu na yi sallama.

Yarinyar ta damƙe mayafina. "Kaka, don Allah mu tahi."

Na sake sallama, na ƙwanƙwasa.

Ƙofar ta buɗe. Wata tsohuwar Baturiya ce, ƴar firit, da sanda a hannu, fuska a murtuke. Ta yi wata magana mai kaifi tana nuna mana hanya. Ni dai na ga mace tsohuwa ita kaɗai a gida, na san ba a yi kuskure ba. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na ce, "Ya haƙuri? Ya muka ji da wannan rashi? Allah ya ba ki dangana, ya tona asirin wanda ya yi miki haka." Na ajiye ƙullin dabino a gabanta. Na juya na ce wa takwarata, "Hwaɗa mata."

Ba ta faɗa mata ba. Ni ta durƙusa wa, a kan dutsen nan, karo na farko tunda na zo. Hawaye da dariya suna kokawa a fuskarta.

Ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri. Babu wanda ya mutu. Babu mai gyaran agogo. Wani mutum ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙirƙira, ya ɗauki coci na gaskiya da tudu na gaskiya da ƙofar nan, ya zuba mutanen ƙarya a ciki. Tatsuniya ce, Kaka, ta manya. Da farko ban san kin ɗauka gaskiya ba ce. Da na gane, na ji tsoro in na hwaɗa miki za ki daina zuwa da ni, ki daina tambayata. Babu wanda ke tambayata abin da nake karantawa. Ke kaɗai."

Duk wannan da Hausa, ba ta tsaya neman kalma ko ɗaya ba. Ina durƙushe a ƙofar baƙuwa, kunya ta rufe ni har wuya, amma kunnena yana lissafin abin da ya ji.

Na ce, "Tatsuniya? Da rana tsaka? Ba ga ta nan ba komai? Shi ya sa muka ɓata a lungu."

Tsohuwar tana tsaye tana kallonmu. Ta tambayi yarinyar, yarinyar ta yi mata bayani da Faransanci tana share ido. Matar ta dubi dabinon, ta dube ni. Sai ta fashe da dariya har sai da ta dafa ƙofa. Da ta lafa ta yi doguwar magana, takwarata tana juya mini. Ta ce tunda littafin nan ya fito, kullum sai an zo an ɗauki hoton ƙofarta, wasu har su leƙa taga, shi ya sa ta fito da faɗa. Ta ce mijinta ya rasu shekarun baya, ba kashe shi aka yi ba, a kan gadonsa ya cika, kuma shi direban motar gari ne, ko agogon hannunsa bai iya gyarawa ba. Ta ce a duk masu zuwan nan babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasawa ya tambayi lafiyarta.

Na ce wa yarinyar, "To hwaɗa mata gaisuwata ba ta lalace ba. Miji dai ya mutu. Ya haƙuri?"

Ta faɗa mata. Matar ta daina dariya. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki dabinon, ta matsa gefe ta buɗe mana ƙofa.

Mun daɗe a ɗakin. Ta dafa shayi marar kauri, na sha don kara. Ta nuna mini hoton mijin, na ce yana da fuskar masu haƙuri. Ta ce kakarta masaƙiya ce a unguwar nan, ta ɗauko wani ɗan ƙyalle mai santsi ta sa mini a hannu. Na nuna mata yatsuna da kaɗin auduga ya kantare, na kwatanta mata mazari. Ita ba ta jira, ni ba na jira, tsofaffi biyu kowa da abin faɗa, takwarata a tsakiya tana juya wannan tana juya wancan. Ba ta sami sararin jin kunya ba. Har tsawa na yi mata da ta taƙaita maganata, na ce, "Na hwaɗi da yawa kin hwaɗi kaɗan, ina sauran?"

A hanyar gida ban yi mata magana ba sai da muka hau gada. Na ce hukuncinta shi ne ta ƙarasa mini labarin yadda ake yi, bayan magariba, ta buɗe da ƙofarsa. Haka aka yi. Ranar ta zauna a ƙasa gabana ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Na ce, "Ta zo mu ji ta." Uwarta tana shayarwa a ɗaki ta ji, ta fito da jariri a kafaɗa ta tsaya bakin ƙofa tana saurare.

A ƙarshe wai maƙwabcin ne ya yi kisan, mai sayar da tsofaffin kaya, don makullin. Na ce ban yarda ba. Har gobe ban yarda ba. Ƙanen ne, marubucin rufa masa asiri ya yi.

Bayan arba'in na dawo gida. Ban roƙe ta ta zo ba, ban saba roƙon yara ba. Da damina ta kankama, gero ya kai gwiwa, sai ga ta a tashar Tasawa tare da wani ɗan'uwan ubanta. Ta sauko daga mota ta durƙusa a cikin taɓo ta ce, "Kaka, mun same ku lahiya?" Na ce ta tashi kada ta ɓata zane.

Ta ce in zagaya da ita yadda ta zagaya da ni. Na kai ta tsohuwar rijiyar da uwata ta ja ruwa, da gindin gawon da ake saukar da amare, da gonar da na haifi uwarta a bakinta ana tsakar noma. Ko'ina sai ta ce, "Kaka, wannan labari ne ko tatsuniya?" In ce, "Dubi rana."

Ana cikin haka aka yi rasuwa a Korgom, mijin wata ƙawata ta ƙuruciya. Muka hau amalanken jaki ni da ita. Tsakar gidan cike da mata a kan tabarmi. Na shiga na yi gaisuwata na koma gefe, ban ce mata komai ba, ina kallo ta wutsiyar ido. Ta tuɓe takalmi, ta ja mayafi, ta je gaban mai takaba ta durƙusa. Ta ce, "Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku dangana." Sannan ta zaro ƙullin dabino daga jakarta ta ajiye. Ni ban ma san ta ƙullo ba.

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta taɓo ni ta ce, "Wannan ɗiyar wa ce mai hankali haka?"

Gidan makoki ne, ba a murmushi. Na gyara zama, na ja carbina, na ce, "Takwarata ce."